Waiwaye: Daga Wahaya Zuwa Gaban Alƙali, Tarihin Fyaɗen da Ba a Kiran Sunansa a Jihar Tawa

Duk wanda ya ce zai ƙidaya fyaɗe a ƙasar Nijar da abin da ke cikin rajistar jandarma da komisariya, to kunnen doki kawai ya gani. Mafi yawan lamarin ba ya kai can. Yana mutuwa a zauren mai gari, ko a ɗakin uwa, da kalma guda: "A rufa asiri." Wani kuma tun farko al'ada ta raɗa masa suna mai daɗi, har mutane suka daina ganinsa laifi.

A jihar Tawa sunan nan shi ne wahaya, wasu su ce sadaka: yarinyar da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba ɗaurin aure, ba sadaki, ta yi aikin gida da rana, da dare maigida ya neme ta. An fi sanin abin a tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela.

Labarin Hadijatou Mani ne ya fasa ƙwan. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan jika 240. Ba ta cika 13 ba mutumin da ya saye ta ya fara kwana da ita da ƙarfi, haka ta zauna kusan shekara 9. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata 6 a gidan kaso, wai ta yi aure kan aure. Wannan wurin ne ya fi ci mini rai: kotu ta dubi yarinyar da aka saya, ta ga matar aure mai laifi. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata, har ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarce ta ta biya ta miliyan 10 na sefa. Sai a 2019 kotun ƙoli ta ƙasa ta bayyana cewa wahaya ba aure ba ce.

Doka kam ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuka na 1961 an yi masa gyara a 2003, aka haramta bauta da kaciyar mata, aka sa wa fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in yarinyar ba ta kai 13 ba, 15 zuwa 30. Sai dai a 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Binciken lafiyar al'umma na 2012 kuma ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Abin da ke faruwa da ƙaramar yarinya a daren farko, ba mai rubuta shi a matsayin laifi.

Ga kuma 'yan talla, da 'yan aikin gida da ake kawowa birni daga ƙauye, da 'yan lakwal, da yara maza waɗanda nasu ya fi na kowa ɓoyuwa. Sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko malami, ko ɗan uwa. Shi ya sa uwa kan yi lissafi kafin ta buɗe baki. Kuɗin takardar likita, da zirga-zirgar kotu, da surutun unguwa, da tambayar wa zai auri 'yarta gobe. Kafin ta gama lissafin, dattawa sun iso da goro, suna cewa, "Ki yi haƙuri, ɗanki ne shi ma."