Ɗora Sabon Windows: Me Ake Nufi, Wa Kuma Ya Kamata Ya Yi Gaggawa?

"A ɗora mata sabon Windows?" Tambayar da za ka fi ji ke nan idan ka shiga Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja riƙe da kwamfuta, ko da abin da ya kawo ka maɓalli ɗaya ne da ya daina aiki. Tun da aka fara cewa Windows 10 ya ƙare, maganar ta fita daga shagunan gyara ta shiga ofisoshi da ɗakunan ɗalibai. Wani ɗoki yake yi, don ya ga allon abokinsa fes, 'yan alamomin manhajoji sun jeru a tsakiya. Wani kuwa gabansa ne ke faɗuwa, yana tsammanin wata safiya kwamfutarsa za ta ƙi tashi. Da mai ɗokin da mai fargabar, da wuya ka samu wanda zai iya gaya maka abin da ake ɗorawa ɗin.

Windows dai ba irin Word ko Chrome ko CorelDRAW ba ne, da za ka buɗe ka yi aiki ka rufe. Shi ne tsarin da ke gudanar da na'urar gaba ɗaya, sauran manhajoji duk a kansa suke zaune. Aikinsa ya yi kama da na 'yan ƙungiya a tashar Jabi: su ke cewa wace mota ce a kan layi, wacce za ta jira, ina za a ajiye kaya, wa aka yarda ya shigo, fasinja kuwa ba ya lura da su sai ranar da tasha ta rikice. Haka Windows yake raba wa manhajoji lokacin furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) da filin ram (inda take riƙe aikin da ke hannu), ya kai saƙo ga firinta, ya tsare ƙofa kada abin da ya shigo ta intanet ya taɓa fayilolinka. Launi da fasalin tagogi da inda maɓallin Start yake, wato duk abin da ido ke gani, ɗan ɓangaren sama ne kawai. Kwamfutocin Apple suna da nasu tsarin, macOS, wayoyi suna da Android ko iOS, akwai kuma dangin Linux da ake samu kyauta.

A bakin mutane, "ɗorawa" ta haɗiye abubuwa uku da ba su da haɗi sosai. Akwai ƙananan gyare-gyaren da Microsoft ke turowa ta intanet, manyansu a Talata ta biyu ta kowane wata, waɗanda ke sa kwamfuta ta ce ka jira kada ka kashe ta. Waɗannan ba su cika canza maka kamanni ba, yawanci toshe kafofin da masu kutse ke bi suke yi. Akwai ƙaura daga Windows 10 zuwa 11 a kan abin da ke ciki, inda fayiloli da yawancin manhajoji ke bin ka zuwa sabon gida. Sai na uku, wanda masu gyara suka fi so saboda ya fi sauri: a goge komai da filas, a girka sabo tun daga tushe, abin da ake cewa fomatin. Ga yadda hirar takan kasance:

"Malam, ɗorawar nan da gogewa ce ko a kan na ciki?"

"Ai gogewa ta fi, Yallaɓai. Ta fi gudu."

"To takardun aikina fa?"

"Au, ba ka kwashe ba?"

Mai sa'a ne yake jin wannan "au" ɗin kafin a fara. Sau da yawa sai bayan an gama, lokacin da rubutun digiri ko lissafin shago na shekara uku ya riga ya tafi.

Ɗokin sabon fasali ba yau ya fara ba, kuma ba yau ya fara ba mutane kunya ba. A Janairun 2007 Windows Vista ya fito da tagogi masu sheƙi kamar gilashi, kowa na son gani. Da aka ɗora shi a kan kwamfutocin lokacin sai suka koma tafiyar hawainiya, firintoci da yawa suka ƙi aiki, jama'a suka maƙale wa XP har sai da Windows 7 ya zo a 2009. A 2012 kuma Windows 8 ya cire maɓallin Start ɗungurungum, ya cika allo da manyan akwatuna masu launi da aka yi domin taɓawa da yatsa, alhali yawancin mutane da linzamin kwamfuta (mouse) suke aiki. Ƙorafi ya yi yawa har aka dawo da maɓallin a 2013, cikakken jerin nasa kuwa sai a Windows 10 a 2015. Ko Apple bai tsira ba: fasalin Liquid Glass da ya fitar a 2025 ya sha suka kan cewa rubutu na wuyar karantuwa a kansa, daga baya kamfanin ya ƙara hanyar rage sheƙin.

Windows 11 ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma gaskiya yana da kyan gani. Kusurwoyin tagogi sun lanƙwasa, launuka sun yi sanyi, Start ya koma tsakiya. Yana da abubuwan amfani ma: ka ɗora linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga, sai ya nuna maka yadda za ka raba allo gida biyu ko uku ko huɗu, abin da mai kwafe alƙaluma daga takarda zuwa Excel zai ji daɗinsa. Amma don neman tsafta an ɓoye wasu abubuwan. Danna linzami ta dama, jerin ya gajarce, abin da ka saba gani sai ka ƙara dannawa ɗaya kafin ka same shi. Lokacin da ya fito ba a iya matsar da layin ƙasan allo zuwa sama ko gefe, ba a kuma iya jawo fayil a jefa kan manhajar da ke layin, sai a 2022 aka dawo da wannan na biyun. Wanda Start ɗin tsakiya ke damunsa, akwai wurin mayar da shi hagu a saituna, aikin minti ɗaya ne.

In don wannan kwalliyar ce kawai, ni ban ga abin gaggawa ba. Dalilin ƙaura yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba. Kwamfutar ba za ta mutu ba. Za ta tashi, ta buga takarda, ta shiga intanet kamar jiya. Abin da ya canza shi ne, duk kafar da aka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna, masu kutse kuwa sun san da ita. An ga misali a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin gwamnatin Ingila, tana neman fansar dala 300 a kowace kwamfuta. Tun a watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe kafar, waɗanda ba su ɗora ba su ta fi ci. Ban da tsaro, manhajoji ma a hankali suke janye jiki. Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, zuwa farkon 2023 Chrome ya daina sabunta kansa a kai. Mai shiga asusun banki ko shafin biyan albashi da kwamfutarsa, wannan magana da shi ake.

Sai dai ba kowace kwamfuta Windows 11 ke karɓa ba, kuma a nan ne kasuwarmu ta shigo. Sharuɗɗan da aka rubuta sun haɗa da ram gigabayt 4, ma'ajiya gigabayt 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 wanda ke riƙe makullan sirri. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne furosesa: a na kamfanin Intel sai zubi (generation) na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, in ban da 'yan kaɗan. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su na gwanjo, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, zubi na 6 ne ko na 7. HP EliteBook 840 G3 da ta cika gari, mai ƙarfi ce ƙwarai, amma zubi na 6 ce, ba ta cikin jerin.

To amma za ka gan ta a shago da Windows 11 a kanta, Start a tsakiya, tana ƙyalli. Akwai hanyoyin tsallake binciken, kowane yaron shago ya iya, kuma kwamfutar tana aiki. Matsalar ita ce mai saye yana ɗaukar fasalin allo a matsayin shaidar cewa na'urar sabuwa ce, ya ƙara kuɗi a kai. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan ba ya ba da tabbacin za su ci gaba da samun gyara. A aikace ƙananan gyare-gyaren wata sukan shigo, amma babban zubin shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane zubi na Home da Pro, wato nau'ikan Windows da aka fi sani, wata 24 kawai ake kula da shi. Sai mutum ya zauna da allo mai kyau a kan tsarin da shi ma wa'adinsa ya wuce, bai sani ba. Ban ce haramun ba ne a yi hakan, wanda ya san abin da yake yi yana iya lallaɓawa. A dai gaya wa mai saye gaskiya, farashi kuma ya bi shekarun na'urar.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Kada ka tsaya a kan "ai Core i7 ce", don i7 daraja ce a cikin zubi, ba shekara ba. Buɗe wurin bayanin kwamfutar a saituna ka karanta lambar da ke bayan ɗan layin. Idan ka ga i7-6600U, lambar farko 6 ce, zubi na 6 ke nan, ba ta ciki. Idan ka ga i3-8130U, zubi na 8 ce, ta shiga, ko da yake sunanta ya fi ƙanƙanta. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-1135G7, wato na 11. Akwai kuma 'yar manhajar Microsoft mai suna PC Health Check da ke faɗin abin da ya hana. Wani lokaci ba komai ba ne illa TPM da ke kashe a BIOS, wato saitunan na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi, mai gyara ya kunna shi ke nan.

Ko kwamfutarka ta cancanta, tambaya ta gaba ita ce me take yi maka. Ka leƙa shagunan ɗab'i na Area 10 a Abuja, inda ake buga katin biki da kalanda da fosta. Mutumin da ke can abincinsa yana rataye ne a kan wata tsohuwar firinta ko injin yankan sitika da CorelDRAW ɗin da hannunsa ya saba da shi. Kowace irin na'ura tana da ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da Windows, wadda masu gyara ke ce wa direba. Yawancin na Windows 10 suna aiki a kan 11, amma "yawanci" ba zai biya maka aikin da ka karɓi kuɗinsa ba idan taka ce ta ƙi. A duba shafin kamfanin na'urar tukuna, a kuma zaɓi ranar da babu aiki a hannu, ba jajibirin biki ba. Saukar da tsarin yana cin data gigabayt da dama, girkawa kuma tana son wuta tsayayya. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya, idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, tana iya ƙin tashi. Wanda ya ƙaura ba tare da gogewa ba yana da kwana 10 da zai iya komawa Windows 10 idan abin bai yi masa ba, muddin bai share tsohon babban fayil ɗin da aka ajiye masa ba.

Masu cewa a ɗora don kwamfuta ta ƙara gudu kuwa, a nan kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Na'ura mai ram 4 da tsohuwar ma'ajiya mai juyawa nauyi za ta ƙara. Kuɗin gara a sa mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, a kai ram ɗin 8, bambancin a take ake ganinsa, ko wane Windows ne a kai.

Wanda tasa ba ta cancanta ba, ba dole ne ya ruga kasuwa ba. A 2025 Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, da wa'adin 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a adana saitunansa a can. Jinkiri ne dai, ba magani ba. Idan aikinka bai wuce rubutu da bincike da imel ba, Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, da LibreOffice a madadin Word, sai dai CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux, don haka wannan ba ta mutanen Area 10 ba ce. Kwamfutar da aikinta tuƙa inji ne kawai, a cire ta daga intanet, a kiyaye filas ɗin da ake soka mata, za ta yi shekaru a haka.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa masu ƙaura ba: Windows 11 yana neman asusun Microsoft lokacin girkawa, kuma a sababbin zubi, idan aka girka daga tushe, yakan kulle ma'ajiya da kansa ya ajiye makullin a cikin asusun. Makullin lambobi 48 ne. Ranar da aka canza wani babban sashe a cikin kwamfutar ko aka taɓa BIOS, shuɗin allo na iya fitowa yana neman su, idan babu kuwa fayilolin ba sa buɗuwa, komai ƙwarewar mai gyara. Yawanci yaron shago ne ke buɗe wa mutum asusun cikin sauri da imel ɗin da shi kansa zai manta kafin la'asar. Ka zauna a wurin, ka sa imel ɗinka da lambar wayarka da hannunka, ka shiga asusun ka kwafe lambobin a takarda, ka ajiye ta a gida, ba cikin jakar kwamfutar ba.