Waiwaye: yadda jemage ya shiga kogon matsafa

Mai bibiyar littattafan yaƙi da tsafi na Hausa, ko waɗanda ake karantawa a YouTube, ya san wurin: jarumi ya doshi kogon matsafi, kafin ya taka bakin ƙofa sai jemagu su taso masa, idanu jajur, haƙora waje, suna neman jini. Wannan jemagen baƙo ne a wurinmu. A tatsuniya da camfin Bahaushe, tsuntsun da ake tsoro da dare mujiya ce, mai cin mutum kuma maye ne, shi kuwa kurwa yake kamawa. Abin da kakanninmu suka riƙe game da jemage shi ne rashin ɓangare: fiffike irin na tsuntsu, haƙora da nono irin na dabba, ga kwana kai a ƙasa. Sai kuma zancen nan da yara ke yi cewa ta baki yake kashi, wanda ke da tushe, domin jemage mai cin 'ya'yan itace yakan tauna, ya matse ruwan da harshe, ya tofar da tuƙar. Ita ce ake gani warwatse a gindin mangwaro da safe.

A littattafan Larabci da malaman zaure ke karantarwa ma ba a ɗauke shi abin tsafi ba. Wasu masu tafsiri, wajen bayanin aya ta 49 a Suratu Ali Imrana, sun kawo cewa tsuntsun da Annabi Isa (AS) ya siffanta da laka ya hura masa da izinin Allah jemage ne, saboda mamakin halittarsa: yana tashi ba gashin tsuntsu, yana haihuwa, yana shayarwa. A ƙasar Sin kuwa alamar arziki ne, don sunansa da kalmar sa'a furucinsu ɗaya, har ana zana jemagu biyar a kwano da tufafi.

Turai ce ta ɓata masa suna, a hankali. Masu zanen coci sun ba mala'iku fiffiken tsuntsu, suka ba shaiɗanu fiffiken fata. A farkon ƙarni na 14 mawaƙin Italiya Dante ya siffanta fukafukan Iblis da na jemage, wajen 1606 kuma Shakespeare ya sa gashin jemage cikin tukunyar mayu a wasansa na Macbeth. Har zuwa nan dai kayan haɗi ne, bai fara shan jini ba. Jinin ya zo ne daga Kudancin Amurka, inda Turawa suka tarar da ƙananan jemagu masu lasar jinin dabbobi. Sai aka ɗauko sunan wata gawa da mutanen gabashin Turai ke cewa tana tashi daga kabari ta sha jini, wato vampire, aka laƙaba wa jemage. Abin dariya, a 1758 masanin halittu Linnaeus ya ɗora sunan ne a kan wani ƙaton jemage na Asiya wanda 'ya'yan itace da fure yake ci. Littafin Dracula na 1897 shi ya ɗaure ƙullin, da ya sa mashayin jinin yana rikiɗa ya zama jemage, fim ɗin 1931 kuma ya watsa hoton a duniya. Daga nan ya bi kaset-kaset na bidiyo da wasannin kwamfuta har ya iso hannun marubutanmu.

Akwai wani reshe na tarihin da ya fi wannan ma'ana. A wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, wanda 'yan wasa ke zama jarumai da matsafa a cikinsa, an zo an ƙa'ide cewa matsafi ba zai jefa dunƙulen wuta ba sai da ɗan kashin jemage da farar wuta a hannunsa. Ba shaci-faɗi ba ne. Ƙasar kogon da kashin jemage ya daɗe yana taruwa ana tace wani farin gishiri daga cikinta, wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na albarushi, sauran gawayi da farar wuta. Mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka sun haƙi irin waɗannan koguna a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Matsafin wasan albarushi yake haɗawa a fakaice.

To, marubucin da ke zaune a Tudun Wada ko Samaru yana tsara duniyar matsafa, ina ake yawan tuntuɓe? Da farko a wajen zaɓen jemagen. Nau'o'insa sun haura 1,400, uku kacal ke shan jini, dukkansu tsakanin Meziko da Ajantina. Mai shan jinin bai kai giram 50 ba, ba ya tsotsa, yakan tsaga fata da haƙoran gaba ya lasa, abin da bai wuce cokali biyu ba a dare. Yawunsa na hana jini daskarewa. Idan ya yi dare biyu zuwa uku bai samu ba zai mutu, shi ya sa wanda ya ƙoshi yake amayo wa abokinsa. Matsafin da ke da rundunar irin waɗannan dole ya mallaki garken shanu, in ba haka ba rundunar ta ƙare cikin mako.

Babban jemagen da muke gani yana keta sama da magariba, mai launin kara a wuya, daban ne. Nauyinsa wajen giram 300, buɗin fiffikensa kusan santimita 80, da ido da hanci yake neman abinci. Ba makaho ba ne, kuma ba ya amfani da amsa-kuwwa, wato fitar da ƙara a saurari dawowarta don gane abin da ke gaba. Masu wannan baiwar su ne ƙananan da ke maƙale a azarar tsofaffin soraye suna cin sauro da asu. Tun a shekarun 1790 aka gwada a Italiya da Siwizalan: an makantar da su suka ci gaba da tashi lafiya, da aka toshe musu kunne da kaki sai suka riƙa karo da bango. Sai wajen 1940 masanin dabbobi Donald Griffin ya tabbatar cewa ƙara suke fitarwa wadda kunnen mutum ba ya ji. Saboda haka jarumin da ya ɗaga fitila don ya rikita jemagun kogo wahalar banza yake yi, kunnensu ya kamata ya nema.

Kuskure na gaba shi ne tashi. Yawancin jemagu ba sa iya tashi daga ƙasa, sai sun saki reshe sun faɗo iska ta ɗauke su, wanda ya faɗi kuwa sai ya ja jiki ya hau wani abu. Jijiyar ƙafarsa tana kullewa da nauyin jikinsa, shi ya sa ake samun mataccen jemage yana rataye bai faɗo ba. In ɗan aike ake so, babban ya dace: an bi sawun wasu a Akara ta Gana sun yi nisan kilomita 75 daga masaukinsu a dare ɗaya, kusan daga Zariya zuwa Kaduna. Amma laya zai ɗauka, ba takobi ba. Kuma ɗa guda uwa ke haifa a shekara, don haka matsafin da aka kashe masa dubu yau ba zai mayar da su gobe ba. Wani abu da labarai ke mantawa: cizon jemage a gaske cuta ake tsoro a cikinsa. A 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin wannan babban jemagen a tsibirin Legas. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne marubutanmu sun tsallake abin da ke ƙofar gida. Zariya garin rimi ce, har unguwanni suka ci sunansa, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Furen rimi da dare yake buɗewa cikin hunturu, bayan ganye ya zube, yana fitar da wani wari mai tsami da ke kiran jemagu, su kuma su kwashi garin furen a fuska su kai wata bishiyar. Haka kuka take da farin furenta mai rataye, haka ɗorawa da jan furenta mai kama da tuntu, wadda kalwarta ke zama daddawa. Rimi da kuka kuwa su ne dai bishiyoyin da ake hana yara zuwa gindinsu da dare, a ce gidan aljanu ne. Mai wucewa bayan isha'i yakan ji motsi a sama, da ƙara siririya, da abu na faɗowa ƙasa, bai ga kowa ba.