Babur ɗin Farko: Wane Girman Inji Ya Dace da Ɗan Koyo?

Mene ne wannan cc da ake rubutawa a jikin babur?

Ma'aunin cikin silinda ne, wato wurin da fistin yake hawa da sauka yana matse iska da fetur. Cc 1,000 daidai yake da lita ɗaya, ke nan inji mai cc 100 kashi ɗaya ne cikin goma na lita. Gwargwadon girman wurin, gwargwadon man da zai ƙona da ƙarfin da zai bayar.

To, nawa ya dace da wanda bai taɓa riƙe babur ba?

Tsakanin 100 da 125. A nan Boxer ta Bajaj take, da TVS HLX, da Honda Ace, da 'yan roba-roba masu cc 110. Hannun ɗan koyo bai san totur ba tukuna. Idan ya tsorata, maimakon ya sassauta sai ya ƙara murɗawa, ko ya saki kuloci gaba ɗaya. A kan ƙaramin inji, babur ɗin zai zabura ne ko ya mutu, ka tayar ka ci gaba. A kan inji mai cc 600 irin na tsere, wanda ƙarfinsa ya ninka na Boxer fiye da sau goma, wannan kuskuren kaɗai yana iya ɗaga tayar gaba sama ya maka mutum da ƙasa.

Ga kuma nauyi. Ƙaramin babur bai cika wuce kilo 120 ba, manyan kuwa suna kusan 200. Duk mai koyo sai babur ya karkace masa, a yashi ko a kwana ko cikin cunkoson kasuwa, kuma ƙafarsa ce za ta tare shi. Ba banza ba a Ingila doka ta hana ɗan koyo hawa abin da ya wuce cc 125 sai ya ci jarrabawar tuƙi.

Ni ƙato ne, kuma zan riƙa ɗaukar kaya. Ba zai yi mini kaɗan ba?

Dubi abin da 'yan acaɓa suke ɗora wa Boxer a hanyoyin ƙauye, mutum biyu da buhun masara. Ba na ba ka shawarar ka yi haka, amma ya nuna injin ba rago ba ne. Idan hanyarka tana da hawa kamar ta Jos ko Mambila, ko yashi mai zurfi, ko kana tafiya tsakanin garuruwa, ka ɗauki 150. Nan ne iyakar da zan yarda wa sabon hannu.

Duk cc 100 ɗaya ne?

A'a. Tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, wadda take ƙona baƙin mai tare da fetur, tana tashin wuta a kowane zagayen inji, shi ya sa ta fi fizga. Boxer sai zagaye biyu take tashi sau ɗaya, don haka ta fi natsuwa, ta fi tattalin mai. Ga ɗan koyo na fi son ta biyun.

Ba asara ba ce in sayi ƙarami, bayan shekara in canza?

Ƙananan baburan nan ba sa kwantai a kasuwa, ranar da ka kai za ka samu mai saye. Kayan gyaransu suna nan har ƙauye, kowane bakanike ya san cikinsu. Babban babur kuwa wani lokaci sai an yi odar taya ko sarƙa daga Legas.

Me zan duba ranar saye?

Hau ka zauna. Ƙafafunka biyu su taka ƙasa sosai, ba kan yatsu ba. Sauka ka tura shi gaba da baya, ka ɗora shi a kan jak da kanka. Matsa kuloci da birki ka ji ko yatsunka suna kai musu ba da wahala ba. Kuma ka ware kuɗin hular kwano mai kyau tun kafin ka fara ciniki, kada a bar ta sai abin da ya rage.