Shigar Burtu: Yadda Katin Memori Ke Maye Gurbin Faifan Fulofi a Tsofaffin Kwamfutoci

Wanda ya yi zamanin shagunan buga takardu a ƙarshen shekarun 1990 ya san wannan fargabar. Ka miƙa wa mai shago faifan fulofi, ya zura shi, injin ya yi ta "gurr-kat, gurr-kat", can sai allo ya ce faifan ba ya karantuwa, ko kana so a share shi a sake tsara shi? Aikin wata guda ke nan ya bi ruwa. Yau yawancinmu mun manta da fulofi, amma injinan da ba su san wata ƙofar karɓar bayani ba sai shi suna nan da ransu, masu su kuma suna da tambayoyi.

Wai har yanzu akwai masu amfani da fulofi?

Akwai, kuma ba ƙananan wurare ba. IBM ce ta fito da faifan farko mai faɗin inci 8 a 1971, aka sami mai inci 5.25 a 1976, sannan ƙaramin nan na Sony mai inci 3.5 da rigar roba mai tauri, wanda shi muka fi sani. Apple ta fara juya masa baya a 1998 da ta fitar da iMac ba ramin fulofi, Sony kuma ta daina ƙera faifan a 2011. Duk da haka sai a 2019 sojojin Amurka suka daina amfani da faifai mai inci 8 a tsarin aika umarni na makamansu na nukiliya. Gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ministanta Taro Kono ya sanar da cewa sun gama soke dokokin da ke tilasta miƙa takardu a kan fulofi.

Ban da waɗannan akwai masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci irin su Amiga da Atari ST da Commodore 64, galibinsu a Turai da Amurka. A wajenmu inda maganar ta fi shafa shi ne injinan da aka shigo da su na hannu: keken aikin kwamfuta da ke zuba ado a wuyan shadda, irin tsofaffin Tajima da Barudan, da fiyanon Yamaha samfurin PSR na wancan zamani, da wasu injinan masana'antu. Injin lafiyarsa ƙalau, faifan ne ya gaji.

Me ke kashe faifan da na'urar karanta shi?

Cikin rigar akwai wani ɗan falle na leda da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, a jikinsa bayanin yake. Kan da ke karantawa gugar fallen yake yi kai tsaye, saboda haka kowace karantawa tana ɗan cin sa. Zafi na lanƙwasa shi, laimar damina na sa shi fumfuna, ƙurar hunturu kuwa idan ta shiga tsakanin kan da fallen sai ta ja masa zane zagaye. Ita ma na'urar tana da nata tsufan: man da ke jikin sandar da kan ke zamewa a kai ya daskare, wasu kuma suna da bel na roba da ke narkewa ya zama kamar kwalta. Na'urar faifai mai inci 3 ta kwamfutar Amstrad ta yi ƙaurin suna a kan wannan bel ɗin.

To ta yaya kwamfutar 1987 za ta karanta katin da ba a ƙirƙiro ba sai bayan ta tsufa?

Ba ta karanta shi, yaudararta ake yi. Kamar maharbin da ya ɗaura kan burtu ya sunkuya ya shiga cikin tsuntsaye, haka na'urar da ke maye gurbin fulofin take. Ana cire tsohuwar mai karanta faifai, a sa wani ɗan akwati mai girmanta daidai, a jona masa faffaɗan kebul ɗin nan mai layi 34 da wayar wuta. Ta baya kamanninsu ɗaya. Ta gaba kuwa, maimakon ramin faifai, ramin filash ne ko na katin memori, da maɓallai biyu, da ɗan allo.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne, tsohuwar na'urar ba ta da wayo ko kaɗan. Umarnin da kwamfuta ke ba ta bai wuce kunna injin juya faifai, matsa gaba taki ɗaya, dawo baya, koma ɗaya fuskar ba. Ita kuma sai ta riƙa maido da bugun lantarki yadda ya fito daga faifan, tare da wata alama duk lokacin da faifan ya kammala zagaye ɗaya, sau 300 a minti. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin sabon akwatin tana sauraren waɗannan umarni, ta ɗauko bayanin daga wani fayil da ke kan kati, ta mayar da shi irin wancan bugun, a kan lokacinsa daidai. Kwamfuta na ganin faifai na juyawa, alhali babu abin da ke motsi.

Shi wannan fayil ana kiransa hoton faifai, wato kwafin faifai sukutum a dunƙule. Kowane gida da irin nasa: ADF na Amiga, D64 na Commodore 64, ST na Atari, IMG na kwamfutocin IBM da danginsu. Canza faifai ya koma danna maɓalli.

Wacce na'ura ya kamata in nema?

Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce Gotek, ƙirar Sin, kuma ita ce mafi araha. A lura, Gotek filash take ɗauka. Mai son katin SD kai tsaye sai ya nemi HxC, aikin wani Bafaranshe, Jean-François Del Nero, wanda ya fara tun 2006.

Gotek kamar yadda ta fito daga kamfani tana da taurin kai. Tsarin faifan IBM kawai ta sani, kuma sai an yanyanka filash ɗin gida-gida da wata manhaja ta musamman, kowane faifai ya zama lamba a ɗan allonta mai gurbi uku: 000, 001, 002. Kai za ka riƙe a ka, ko ka rubuta a takarda, cewa lamba 047 ita ce zanen wuyan Alhaji. Shi ya sa kusan kowa ke goge manhajar cikinta ya ɗora FlashFloppy, wadda Keir Fraser ya rubuta yake kuma rabawa kyauta. Da ita sai ka tsara filash a FAT32, wato tsarin ajiya da aka saba yi wa filash, ka zuba hotunan faifai kamar yadda kake zuba waƙoƙi a waya, shi ke nan. Ana iya ƙara mata ƙaramin allo mai nuna sunan fayil da abin murɗawa don zaɓe. A ganina duk wanda zai saya ya nemi wadda aka riga aka ɗora wa FlashFloppy da wannan allon. Ɗan bambancin kuɗin bai kai ciwon kan da zai raba ka da shi ba.

Ashe Gotek ɗaya za ta yi wa kowace kwamfuta?

A'a. Tana yi wa waɗanda suka gaji tsarin kebul na kamfanin Shugart: IBM da danginta, Amiga, Atari ST, BBC Micro, da yawancin fiyano da kekunan ado.

Commodore 64 daban take, kuma labarinta na da ban sha'awa. Na'urar faifanta, 1541, kwamfuta ce mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarta samfurin 6502 a ciki. Ga ta da nawa kamar hawainiya, ko rabin kilobait ba ta turawa a daƙiƙa. Masu rubuta wasanni suka gaji, suka riƙa aika wa ƙwaƙwalwar na'urar nasu umarnin don ta yi sauri. Nan matsalar take. A cikin na'urorin da ke maye gurbin 1541, SD2IEC, wadda ita ce mai araha kuma katin SD take ɗauka, yaren 1541 kawai ta iya, ba ta da irin ƙwaƙwalwarta, saboda haka wasu wasannin sai su tsaya cak a tsakiyar lodi. Mai son komai ya tashi sai Pi1541, wadda ke sa 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta kwaikwayi na'urar gaba ɗayanta, ko 1541 Ultimate, mai tsada. Tsofaffin Apple II da Macintosh ma nasu tsarin rubutun daban ne, har Macintosh na canza gudun juyawar faifai gwargwadon inda kan yake. Tasu ita ce Floppy Emu ta Steve Chamberlin.

Za ta ƙara wa kwamfutar sauri da wurin ajiya?

Wurin ajiya a aljihunka, e. Faifan da ake ce wa 1.44 yana ɗaukar bait 1,474,560, don haka filash mai gigabait 8 zai haɗiye sama da faifai 5,000. Amma kwamfutar faifai ɗaya take gani a lokaci guda, da girmansa na da. Zanen da ya fi ƙarfin faifai ɗaya jiya, yau ma ya fi ƙarfinsa.

Sauri kuwa kada a sa rai. Faifai na da layi 80 a kowace fuska, fuska biyu 160 ke nan, kowane zagaye kuma kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Karanta shi duka ba zai gaza daƙiƙa 32 ba, kuma dole na'urar ta bi wannan takun, in ta yi gaggawa asirinta ya tonu. Ribar ita ce ba sauran "sake gwadawa". Mai neman sauri na gaske babban rumbun kwamfutar zai canza, da katin CompactFlash a ramin IDE, ko BlueSCSI ga masu ramin SCSI. Wannan wani zancen ne.

Ina aka fi yin kuskure wajen haɗawa?

Wuri uku. Faffaɗan kebul ɗin yana da jan layi a gefe ɗaya, shi ne lamba 1, kuma dole ya fuskanci lamba 1 a jikin na'urar. Idan aka juya shi, alamar da aka saba gani ita ce fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Yawanci ba ya ƙona komai, kashe ka juya.

Na biyu wata 'yar hula ce ta roba, ba ta kai ƙwayar masara ba, da ke haɗa ƙusoshi biyu a bayan na'urar. Ita ke faɗa mata ko ita ce ta farko ko ta biyu. Amiga na son hular a gurbin da ake kira S0, IBM na son S1. Mutum zai wuni yana zargin filash, alhali hular ce ke zaune a gidan da ba nata ba. Kekunan ado da fiyano kuma wasunsu faifai mai kilobait 720 suka sani, ka ba su hoton 1.44 su yi kamar ba su gan shi ba. Duba littafin injin kafin ka saya.

Na uku shi ne mai kisa: wayar wuta. Tana ɗauke da bolt 5 a jar waya da bolt 12 a rawaya, Gotek kuma 5 kawai take ci. Ka gotar da filogin da ƙusa ɗaya, ko ka haɗa ta da Amstrad CPC 6128 wadda jerin wayoyinta a juye yake, sai ka ji ƙauri. A auna da mita tukuna.

Tsofaffin faifaina fa, ya zan yi da abin da ke cikinsu?

Da ni ne, da wannan zan fara tun kafin in taɓa sukundireba. Gotek in ta ƙone gobe ka sayi wata. Zanen da wani tela ya zauna ya tsara shekara ashirin da suka wuce, ko kiɗan da aka adana a fiyano, in faifan ya mutu ba kasuwar da za ka same su.

Idan faifan na tsarin IBM ne, mai 720 ko 1.44, na'urar fulofi mai jonuwa ta USB ta isa ka kwafe shi a kwamfutar zamani. Amma ba ta karanta na Amiga ko na Commodore ko tsohon Macintosh mai kilobait 800, kuma Windows zai tambaye ka ko a tsara faifan. Kada ka yarda, share shi zai yi. Irin waɗannan sai Greaseweazle, shi ma aikin Keir Fraser, ko KryoFlux, ƙananan na'urori da ke haɗa tsohuwar mai karanta faifai da kwamfutar zamani. Su ba ruwansu da ma'anar abin da ke faifan, bugun maganaɗisun suke ɗauka ɗanye yadda yake, har da dabarun hana kwafi da kamfanonin wasanni suka riƙa ɓoyewa, waɗanda fayil irin ADF ba ya iya riƙewa.

Kafin ka zura kowane faifai, tura ɗan murfin ƙarfen gefe ka duba fallen a haske. In ka ga farin tabo kamar gari, fumfuna ce, za ta manne a kan na'urar ta kuma karce faifan da zai biyo baya. Buɗe 'yar tagar da ke kusurwa don hana rubutu a kansa. Kuma ka ɗauki karatun farko da muhimmanci, don wani faifan sau ɗaya zai ba ka dama.

Ba a ɓata tsohuwar kwamfuta ba ke nan, in an cire mata kayanta na asali?

Masu tara kayan tarihi sun rabu a kan wannan. Ni dai ban ga laifi ba muddin ba a yanka jikin akwatin ba, aka kuma nannaɗe tsohuwar na'urar aka ajiye inda ƙura ba ta kai, don duk ranar da aka so a mayar. Wasu ma ba sa cirewa, sai su jona Gotek ta waje a matsayin ta biyu.

Abin da masu Amiga suka fi kewa ashe ƙarar ce. Shirun ya dame su har aka sa FlashFloppy ta iya aiki da wata 'yar ƙaramar lasifika da ake liƙa wa Gotek da waya biyu. Duk lokacin da kwamfuta ta ce a matsa taki ɗaya, sai ta yi "kat".