Ƙaramar tarakta ta ƙi tafiya: giyabos ne ko wani abu daban?

Tunda aka fara shirin noman rani a nan Dadin Kowa ban huta da tambaya ba akan ƙananan taraktocin nan na hannu, tsofaffin ƴan China masu silinda ɗaya da ake bi a baya ana riƙe da ƙaho. Kowa yazo maganarsa ɗaya ce, "Oga giya ta mutu." Toh ga tambayoyin da aka fi yi min da amsar da nake bayarwa, kuma tun yanzu in faɗa maka, yawancin waɗanda ake kawo min ko noti ɗaya bana kwancewa a giyabos, wato akwatin giya.

Inji na aiki lafiya, na sa giya, amma ta ƙi motsi ko tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Me ya faru?

Fara da bel Malam. Ƙarfin injin nan ta bel yake bi ya isa kulochi, daga kulochi sarƙa ta kai shi cikin giyabos, sannan ya sauka tayoyi, kaga kenan akwai tasha uku kafin a zo wajen da kake zargi. Kashe injin, ka danna tsakiyar bel da yatsu, in ya lotsa fiye da kamar santimita 2 zuwa 3 toh ya saki. Duba gefensa kuma, in yayi sumul yana ƙyalli kamar an goge shi da mai, ko ya nutse can ƙasan fuli, ya gama aiki. A irin waɗannan ana sassauta notikan da suka riƙe injin ne a tura shi gaba kaɗan bel ya ɗaure. Kuma don Allah in guda uku ne a canza su duka tare, mutanenmu sai su sayi ɗaya sabo su haɗa da tsofaffi biyu wai tattali, sabon shi kaɗai zai ɗauki kayan, kafin a gama haro ya bi sahun ƴan uwansa.

Bel lafiya lau yake. Sai ina?

Kulochi. Alamarsa bata ɓuya, a fili tana tafiya daidai amma da garma ta kama ƙasa sai kaji inji na ihu ita kuma tana tsaye, wani lokacin har da ƙauri kamar na birkin babbar mota a gangare. Ko dai faifan kulochin ya cinye, ko mai ko giris ya zubo a kansa, ko kuma wani ya ɗaure sandar kulochin da yawa har boris ɗin kulochin yana danne yatsun ƙarfen da ke sakin kulochin kullum, kamar direban da baya ɗage ƙafa daga feda. Dole a bar ɗan sarari tsakanin boris da yatsun nan guda uku, kuma su zama tsayi ɗaya. In mai ne kawai, wankewa da fetur a shanya yakan wadatar, amma sai ka nemo inda man ya fito.

In zan sa giya sai tayi ƙarar gurrr, da ƙyar take shiga.

Nan kuma kulochin ne baya saki gaba ɗaya, kishiyar na sama. Amma sau da yawa laifin yaron da ke tuƙin ne. Giyar nan ba irin ta mota bace da zaka canza kana tafiya, haƙori ne ke zamewa ya shiga haƙori, shida gaba biyu ribas a mafi yawansu, sai ka ja kulochi ta tsaya cik sannan ka canza. Yaran haya da ake biya da yawan kadadar da suka yi basa jira, suna tura sanda da ƙarfi, haka bakin haƙoran ke gutsurewa a hankali.

Tana cikin aiki sai giya ta fita da kanta ta koma furi.

Toh wannan kam an shigo ciki. Akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin da ke riƙe sandar giya a mazauninta, in sifirin ya mutu giyar zata riƙa tsalle, kuma gyaransa ba tsada. In ba shi bane, cokalin da ke tura giyar ya lanƙwashe ko ya cinye, ko bakin haƙoran ya zama kamar gangare. In giya ɗaya ce tak ke yi, wadda aka fi aiki da ita, zargi haƙoranta. Na taɓa ganin wanda ya ɗaure sandar da robar tayar keke ya gama kaka guda a haka, daga baya giya biyu ya saya da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa.

Kafin in biya a buɗe, ba yadda zan san halin da cikin yake?

Akwai, kuma shine abinda nafi so mutane su koya. Kayi aiki da ita kaɗan man ya yi ɗumi, ka kwance notin ƙasa ka tari man giyar a roba mai tsabta ka kai rana. In ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, kuma a fadamar shinkafa inda tayoyi ke nutsewa cikin laka har shaf wannan ba abin mamaki bane, oyil sil na gefen taya, wato robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, shi ne ya mutu. In baƙi ne mai ɗan ƙyalli kamar gari, tsufa ne kawai. Amma ka zura maganaɗisu a ciki, in ya ɗebo gutsattsarin ƙarfe kamar tsakin masara, toh haƙori ko boris ya fashe, kar ka ƙara tada ta. Wani ma zaka kwance notin ɗigo biyar ya fito shikenan, mai ita sai yace ai shi baƙin man inji kawai ya sani, bai san giyabos na da nasa man ba. Lamba 90 ake yawan zubawa, sai dai in takardar taraktar ta faɗi wani, kuma baƙin man da aka juye daga inji ba man giya bane ko waye ya ce maka.

Tana ja gefe ɗaya fa?

Duba iskar tayoyi tukunna. In daidai suke, hannayen juyawan nan na dama da hagu ne, kowanne yana cire ƙarfi daga taya ɗaya, in wayar ta ɗaure da yawa ko sifirin ciki ya gaji sai gefe ɗaya ya ƙi komawa. A kula kuma, a gangare mai tsayi hannayen nan juyewa suke, ka matse na dama ta tafi hagu, saboda tayar da ka saki ita ke gudu.

Tawa irin wadda ake hawa a zauna ce, ta gwanjo daga Amurka, ba sandar giya, feda kawai.

Wannan da matsin man giya take tafiya, famfo ne a cikin giyabos ɗin ke tura man. A bayanta akwai ɗan ƙarfe da ake ja in za a tura ta da hannu, tabbatar an mayar dashi. In kwanan nan aka cire taya wajen faci, nemi ɗan ki, wato guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke tsakanin shaf da taya, yakan faɗi a ƙasa ba wanda ya lura, sai shaf yayi ta juyawa taya na tsaye. In kuma da safe tana da ƙarfi rana na yi ta mutu, share ciyawa da ƙurar da suka toshe fankar saman giyabos ɗin, ka duba man. In duk an yi haka bata canza ba toh famfon ya gaji, kayanta kuma wuyar samu gare su, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sai ka tafi da tsohon a hannunka.