Waiwaye: rigimar 'yan Kwaka daga kan hula ta faro

Tun da babban taron 'yan Kwaka (wata ɗariƙar Kirista, Quakers) na jihar Indiana a Amurka ya dare gida biyu a 2013, na North Carolina kuma ya watse a 2017, ake ta ka-ce-na-ce wai me ya shiga tsakanin mutanen da ke kiran junansu Abokai, wasu na cewa zamani ne ya kawo. Ni dai a ganina abin ya girmi Amurka kanta.

Farkon labarin sananne ne. George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar, ya tara jama'a a arewacin Ingila a 1652 yana cewa hasken Almasihu na cikin kowa, ba sai ta hannun limamin coci ba. A 1656 James Nayler, ɗaya daga cikin masu wa'azinsu, ya shiga Bristol a kan doki mabiya na masa waƙa kamar shigar Almasihu Urushalima, majalisar Ingila ta ce saɓo ne, aka yi masa bulala aka huda harshensa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne maganar hula. 'Yan Kwaka fa a lokacin ba sa cire hula don alƙali ko sarki, Allah kaɗai suke cire wa, lokacin addu'a. John Perrot, ɗan Kwakan da ya je Rum yi wa Fafaroma wa'azi aka kulle shi a gidan mahaukata, ya dawo a 1661 yana cewa ai cire hular lokacin addu'a ma al'ada ce, in Ruhu bai umarce ka ba bar hularka a kai. To ka ga zancen ya wuce hula, in kowa na da haske a zuciya, ranar da na mutum ɗaya ya saɓa da na jama'a wa zai raba gardama? Ga shi ana ta kama su ana cika kurkuku, Fox kansa na tsare a Scarborough, sai a 1666 manyan masu wa'azinsu suka haɗu a Landan suka rubuta wasiƙa cewa taro ne ke da ikon auna hasken mutum, wanda ya ƙi bi ba ya cikinsu. Da Fox ya fito ya zaga ƙasa yana kafa tarukan wata-wata. Tsarin ya tsare su daga tarwatsewa, wannan gaskiya ne, amma tambayar da ranta aka binne ta.

Ita ce ta sake tasowa da Wilkinson da Story, masu wa'azi biyu da suka bijire wa tsarin Fox, a shekarun 1670, sannan a rabuwar 'yan Kwaka na Filadelfiya a 1827. A Indiana ma inda aka cije shi ne ko babban taro na da ikon tilasta wa ƙaramin taron gari.