Fotfoliyo: jakar minista ce ko hotunan biki?

Sau biyu na ci karo da kalmar fotfoliyo a makon nan. Wani mai sharhi a rediyo ya ce an ƙwace wa kwamishina fotfoliyonsa, sai ka ce jaka aka fizge a tasha. Ita kuwa 'yar ƙanwata hotuna sittin ta turo min daga bikin ƙawarta, wai ta sabunta fotfoliyonta, za ta shiga tallan atamfa.

Mai rediyon ma ya fi ta kusa da gaskiya. Kalmar daga Italiyanci ta fito: portare na nufin ɗauka, foglio kuma fallen takarda. Jakar takardu ke nan. A Turai minista na da jakar da yake zuba takardun ma'aikatarsa, a hankali jakar ta zama sunan muƙamin. Shi ya sa a Agustan 2023, da Tinubu ya raba wa ministocinsa ma'aikatu, jaridun Turanci suka ce ya raba fotfoliyo. Faransawa na da irinta, portefeuille, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani, kuma tasu ta haɗa har da walat ɗin kuɗi. Mu kanmu mun san ɗan kwangilar da ofishinsa kaf a jakar hannunsa yake.

A wajen masu tallan sutura jakar ta koma kundin hotuna. Da can littafi ne na gaske da ake ɗauka a hamata zuwa wurin tantancewa, yanzu yawanci a waya yake. Mai son hawa dandalin FIMA, bikin kwalliyar da mai zanen sutura Alphadi ya fara a Nijar a 1998, ko makon kwalliyar Legas, abin da ake fara cewa ya nuna ke nan. Hotuna goma zuwa ashirin sun isa. Dole a ciki a samu waɗanda aka ɗauka jikin farin bango, ba hoda ba jambaki, ta gaba da ta gefe, don mai kaya ya ga ainihin fuskar da zai biya.

Sai kuma abin da ke ƙona min rai, wato hoton laifstayil. Yaranmu sun ɗauka jingina da motar aro ne, ko zama a harabar otal da kofi a hannu. A wannan sana'a ma'anarsa hoton zaman yau da kullum: uwa na ɗaura wa yarinya ɗankwali, saurayi na shan shayi a teburin mai shayi, wata na taya yadi a Kantin Kwari. Duk shiri ne, har dariyar ma sai an maimaita ta, amma ana so mai kallo ya ji kamar wucewa aka zo yi aka ɗauka. Kamfanin sabulu ko na layin waya irin wannan yake nema, domin talaka zai sayar wa kaya.

Sabuntawa kuwa cirewa ta fi ƙarawa yawa. Kin yi ƙiba, kin rame, fuska ta manyanta? Tsohon hoto ya zama ƙarya, a fitar da shi.

Cikin sittin ɗin nan guda ɗaya na zaɓar mata, wanda aka ɗauke ta ba ta sani ba tana zuba wa baƙi zoɓo. Ta ce ai wannan ba ta yi kyau ba.